Inna a Bencin Baya

Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ya sanyin Jos, ya Anti Saratu da yara? Mu nan Roni lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, bari in faɗa maka abin da na gani ran Lahadi. Markus, wanda ya yi maye ya buge Inna da babur, ya gama horon da dattawan coci suka ɗora masa, amma rabin ikilisiya suka ce in ya ci Jibin Ubangiji ficewa za su yi. Ana fara raba gurasar Jibin sai Inna ta miƙe da sandarta, ta ɗingisa har bencin baya inda Markus yake, ta zauna kusa da shi. Ta ce, "Fasto, an hukunta shi, ya ɗauka. Jinƙan Allah kuma wa ya ba mu ajiyarsa? In ba a ba shi ba, ni ma ba na ci."

Ba wanda ya fita.

Kai da ka rantse ba ka taka cocin nan muddin yana ciki, sai ka zo ka faɗa wa Inna da bakinka.

Ku sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Laraba