Ƙabar Inna da Mutumin Malali

Kawo, Kaduna
3 ga Mayu, 1976

Zuwa ga Yaya Kaltume, Funtuwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Bayan haka, Yaya, hankalina a tashe yake, shi ya sa na ba Ila direba takardar nan, ban tsaya jiran gidan waya ba.

Inna ce ba lafiya. Wani ƙululu ya fito mata a gefen cibiya, kamar ƙwan zabo. Ashe tun bara yana nan, in ta kwanta ya koma, in ta ɗaga tukunyar kokonta ya fito. Yanzu ciwo yake yi, har takan dafa bango. Kin san me ta yi? Tsohon kwabo mai huda ta ɗora a kai ta ɗaure da ƙyalle, yadda ake wa jarirai. Na ce, "Inna, ke jaririya ce?" Ta ce in rufe mata baki.

Maƙwabta kowa da nasa. Wannan ta ce maruru ne ya nuna ta ciki, waccan ta ce jifa ne. Na je na tambayi Mero, nas ɗin nan ta bayanmu. Ta ce ƙaba ce: yawan haihuwa da ɗaukar nauyi ne ke sa naman ciki ya yi rauni, hanji ya leƙo. Ta ce ranar da ya ƙi komawa, ko amai ya zo, a ruga asibiti.

To, Inna ta aika wa Sambo wanzami, zai zo ranar Juma'a da hantsi ya yi mata sakiya. Hanji fa, Yaya! Aska a kan hanji!

Na ce zan gaya wa Yaya Maliki, tunda ga shi nan Malali, kuma tun rasuwar Baba shi ne babba. Ta ce, "In kika gaya wa mutumin Malali, ban yafe miki nonona ba." Wai ina ita ina zancen cikinta a kunnen ɗan fari. Wannan kunya za ta kashe mu. Ni ta ɗaure ni, amma ba ta ambaci sunanki ba. Dabara ta rage ga mai shiga rijiya.

Ki gaida kowa. Taki cikin damuwa,
Rahmatu

Funtuwa
4 ga Mayu, 1976

Zuwa ga Yaya Maliki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan aikin ofis ya yi sauƙi. Da ba jego nake ba, da ƙafata zan zo, ba takarda ba.

Yaya, Inna na da ƙaba a cibiya, kuma Sambo wanzami zai tsaga ta ranar Juma'a da hantsi. An hana Rahmatu ta gaya maka, kada ka ga laifinta.

Na san tsakaninku. Tun kana zanin goyo aka ba Kaka kai, Inna ba ta kiran sunanka, in ka shigo gaisuwa ta juya fuska ta amsa wa bango. Kai ma ka saba, sai ka ajiye cefane a zaure ka wuce. Amma wannan karon aike ba zai yi ba, ko motar ofis ka turo ba za ta shiga ba. Ka je da kanka, don Allah.

Allah Ya bar zumunci. Ƙanwarka,
Kaltume

Kawo, Kaduna
8 ga Mayu, 1976

Yaya Kaltume,

Ina gaisuwa a gurguje.

Jiya Inna ta tashi da amai, ƙululun ya yi tauri, ya ƙi komawa. Duk da haka ta ce a jira Sambo. Ya zo da zabirarsa, ya shimfiɗa tabarma a ɗaki, ya wasa aska. Ina ta kai da kawo a tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai, sai na ji sallama. Yaya Maliki ne, da kayan ofis.

Ban taɓa ganin ya wuce bakin ƙofarta ba. Jiya ya cire takalmi, ya shiga har ƙuryar ɗaki, ya zauna a ƙasa. Inna ta ja mayafi ta rufe har kai.

Sambo ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ba mu wuri."

Yaya ya ce, "Yi aikinka, Sarkin Aska. A gabana za a yi."

Inna ta yi magana daga cikin mayafi, da ni take: "Rahmatu, gaya wa mutumin nan ya fita."

Ya ce, "Rahmatu, gaya wa Inna ba inda za ni. Ko a buɗe cikin ina kallo, ko a tafi asibiti in tsaya a waje."

Wallahi na ji tausayinsu su duka. Gumi yake, idonsa a ƙasa, kunya ta fi kama shi. Da Sambo ya ga haka, ya mayar da askarsa. Can ciwo ya murɗa ta, ta ce, "Miƙo min takalmina."

Haka muka kai ta babban asibiti, tana bayan mota ta juya masa ƙeya. Likita ya duba ya ce hanjin ya maƙale, jini ba ya kai masa, da an sa aska a gida da sai dai wani labarin. Yaya ya sa hannu a takarda, aka shiga da ita tiyata. An fito, amma har yanzu ba ta dawo hayyacinta sosai ba, kuma ba wanda ya ce mana komai. Na kasa zama, na kasa ci. Ki yi ta addu'a.

Taki,
Rahmatu

Malali, Kaduna
10 ga Mayu, 1976

Zuwa ga Kaltume,

Bayan gaisuwa, na samu takardarki, na gode. Inna ta farfaɗo, likita ya ce hatsari ya wuce. Ba sauran ɗaukar tukunya.

Lokacin da ta fara buɗe ido, Rahmatu ta fita alwala, ni kaɗai ne a gefen gado. Ta dube ni sosai, ta ce, "Maliki, ba ni ruwa."

Na kai shekara arba'in ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Nas ta ce ba a ba ta ruwa tukuna. Abu na farko da ta taɓa roƙona ke nan, kuma ban iya ba ta ba. Na fita baranda na yi kuka.

Yau na koma da safe, ta juya fuska ta amsa wa bango. Kada ki gaya mata ta faɗa.

Wassalam. Yayanki,
Maliki