Shafin da Ya Buɗe a Karare

Laraba, bayan Isha'i. Batsari.

Alhamdulillahi, yau na fita kunya.

Makon jiya da na je Karare duba gonakin gyaɗa, na ce wa manoma zan nuna masu hoton cutar da ke ɓata masu ganye, sai waya ta ƙi buɗewa, babu sabis. Baba Haruna ya yi dariya ya ce, "Malamin gona, ashe a gari ka baro ilmin naka." Maganar ta tsaya mani a rai.

Jiya Hajiya Rabi, mai buga takardu a ofishinmu, ta ji ina ta tsaki. Ta karɓi wayar ta ce, "Kai ma dai, Kabiru. Taɓa ɗigo ukun nan na saman burauza, ka danna kibiyar da ke kallon ƙasa. Shafin ya sauka ke nan, ko a daji zai buɗe." Ta kuma nuna mani tauraron da ake ajiye shafi da shi, ba sai na sake nema ba. Shekara uku ina riƙe da wayar nan ban sani ba!

Yau a bakin gona hotunan suka fito tar. Baba Haruna ya tsinko ganye ya kara da hoton, ya daɗe yana kallo. "Ita ce, wallahi ita ce." Da kansa ya kira maƙwabta, ya ce in karanta maganin a hankali.

Gobe za mu yi feshi. Da zan taho, tsohon nan shi ya riƙe mani babur har na hau. Har yanzu murmushi nake.