Goggo Hajo Ta Hau Kekenka, Baba

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa da addu'a daga 'yarka ta Kalgo.

Na zo maka da labarin keken guragun da muka sayo maka kafin ka rasu. Ka san bayan sadakar arba'in an ba ƙanwarka Goggo Hajo shi, saboda gwiwoyinta. Ta kai shi Masama, ta yi masa mazauni a tsakar gida, tana shanya kuɓewa a kai. Ta ce ita ba gurguwa ba ce. Shekara biyu ba ta leƙa ƙofar gida ba. Biki da suna da gaisuwar mutuwa duk sai dai aike.

Sallar nan jikokinka suka nace sai an kai su gidan lilo na Birnin Kebbi, kuma da Goggo. Ta yarda, da sharaɗin keken na kaya ne. Muka jibga masa kulolin masar da ta toya tun asuba, da miya, da tabarma. Ita ta dafa shi ta baya, tana ja da ƙafa, gumi na zuba, fuska a ɗaure kamar mai jiran hukunci.

A bakin ƙofa mai gadi ya tare mu. Ba a shiga da amalanken 'yan talla, in ji shi. Na fara yi masa bayanin haƙƙin masu lalura da Turancin jami'a. Ya saurare ni da ladabi har na gaji, sannan ya ce, "Hajiya, in da mutum a kai, bismillah. In masa ce, ta tsaya waje."

Baba, ka san Goggo da masarta. Ta dubi kulolin, ta dubi mai gadin, ta ce, "Ɗan nema, sauke min su." Ta zauna daram a keken, ta rungume kula biyu a cinya.

Yara har faɗa suka yi kan wanda zai tura ta. Suka zaga da ita gaban jirgin lilo da dokin wasan yara, tana ihun "A hankali, 'yan banza!" tana dariya har ɗankwali ya zame.

Da muka fito ta ƙi komawa Masama. Ta ce a biya da ita Diggi, ƙawarta Ta-Allah ta yi rashin miji bara, kuma gaisuwar aike ba gaisuwa ba ce. Can ta kwana.

Allah ya kai maka ladan kowane juyin tayar nan, ya haskaka makwancinka.

'Yarka,
Balkisu