Tsugunon Hussaini

Hausari, Potiskum

Zuwa ga yayata Yagana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Ƙungiyarmu ta al'adu za ta Damaturu, gasar zaɓen rawar da za a nemi a mai da ita rawar ƙasa. Mun sha rigima. Ngizim suka ce tasu, Bolewa suka ce tasu, Karai-Karai suka ce ba su san zancen ba. Maƙwabciyata Doosuur ce ta raba gardama. Ta nuna mana wata rawar Amurkawa a waya: mutum takwas, biyu-biyu a kusurwa huɗu, mai kira yana faɗin inda kowa zai nufa, ana musayar abokan rawa. Kowace ƙabila ta kama kusurwa da irin takunta, mu Barebari muka cike ta huɗu. Ni ce mai kira, kin dai san bakina.

Sai ga matsala. Tsohuwarmu Ya Kaka tana kusurwarmu, maigidana Hussaini yana ta Bolewa. Ana musaya sai ga ta gaba da gaba da surukinta! Ta ja mayafi ta bar filin, wai ta daina. In babu ita ba mu cika takwas ba, tafiya ta fasu. Raina ya ɓaci sosai. Don Allah ki kira ta, ke take jin maganarki.

Ƙanwarki,
Meram

Yayata Yagana,

Gaisuwa da fatan alheri, ya yara? Allah ya saka miki. Ya Kaka ta yarda, bisa sharaɗin kada kirana ya haɗa ta da Hussaini.

A Damaturu kuwa, ina ganin taro na rikice, na saki tsohon kira. Suka haɗu. Hussaini ya zube ya tsuguna, Ya Kaka ta rufe fuska ta kau da kai, amma ƙafarta ba ta saki kiɗa ba. Sauran suka zaci sabon tsarina ne: maza suka tsuguna, mata suka ja mayafi. Wuri ya kaure da guɗa, ni kuwa har da hawaye.

Mun ci gasar, mu za mu Abuja! Alƙalai sun ce kada mu kuskura mu cire wurin nan. Yanzu Ya Kaka ce ke duba tsugunon maza. Jiya ta aiko ni in gaya wa Hussaini nasa bai kai ƙasa ba.

Ki gaida mutan gida.

Taki har kullum,
Meram