Askin Ɗan Tanko

Unguwar Shanu, Kaduna
4 ga Maris, 1956

Zuwa ga mahaifina, Malam Ahmadu Wanzami,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kana lafiya, da Inna da duk mutanen gida. Yaya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, abin da ka ji a kaina gaskiya ne. Giya ta ci ni. Na daina tun kaka, amma ta bar mini rawar hannu, wa kuwa zai miƙa wa mai rawar hannu maƙogwaronsa? Masu zuwa aski duk sun watse. Ni da ka danƙa wa aska da hannunka! Wallahi ko zabirar da ka ba ni kunyar ratayawa nake.

Akwai wasu mutane a Abakpa, tsofaffin mashaya irina, Musulmi da Kirista. Ranar Lahadi da la'asar sukan zauna a gindin mangwaro, wanda ya zame a makon ya faɗa, ba mai yi masa dariya. Da na faɗi nawa, sai Bulus, masinjan wani ofis, ya ce gobe a bakin kasuwa zan yi masa aski, kowa na gani. Washegari ina cikin askin na yanke shi, Baba, jini har wuya. Bawan Allahn nan ko motsi bai yi ba, sai ma ya ɗaga murya yana yabon sanyin hannuna. Na so ƙasa ta tsage in shige. Tun daga nan bi da bi suke zuwa, har mai sanƙon cikinsu bai yarda a tsallake shi ba.

A sa ni cikin addu'a.

Ɗanka,
Lawal

Unguwar Shanu, Kaduna
20 ga Mayu, 1956

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan damina ta sauka lafiya. Ina gaida Inna.

Tanko mai gyaran keke, ɗaya daga cikin abokan zamanmu na gindin mangwaro, matarsa Asabe ta sauka, namiji, ɗan fari. Ya ce ni zan yi askin suna. Na ƙi. Na ce kan babba daban, kan jariri daban, ya nemi wanzamin kirki. Surukarsa ma ta tayar da ƙayar baya, ta ce ba za a ba mashayi jikanta ba, kuma ban ga laifinta ba. Tanko dai ya kafe, ya ce in ba ni ba, yaron ya zauna da gashinsa.

Jiya na je. Ka san taushin maɗigar jariri, tana bugawa a ƙarƙashin yatsana. Na yi bisimilla, na bi a hankali yadda ka koya mini. Ko ƙwarzane babu, alhamdulillahi.

Da na gama na ɗaga kai don in ga murnar Tanko. Baba, ashe tun farko ya runtse ido, bakinsa na motsi, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Sai da aka taɓa shi ya buɗe. Ashe shi ma bai tabbata da hannuna ba, amma ya ba ni ɗan. Har yanzu na kasa haɗa ido da shi.

Ka yafe mini. Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Lawal