Ka Ɗauke Mijina Ka Bar Ni Da Tukunya

Zuwa ga Alhaji Sagiru, darakta, furodusa, mai ɗaukar hoto, kuma malamin cikin fim mai gemun auduga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ka koma Kano lafiya, ya iyali, ya gajiyar hanya.

Alhaji Sagiru, kana ina? Ina ka shige ne? Na kira ka har wayata ta yi zafi. Na tura maka murya, na ga alamar ka saurara, ka yi gum. Ko kai ma iskar ta ɗauke ka ne? In ta ɗauke ka, to iyalinka su duba mana inda ka bar rigarka. Tunda ba ka ɗauka a ɓoye, ga shi na ɗora a fili inda kowa zai gani, kamar yadda ka ɗora fuskata.

Ni ce Rabi, Maman Hanan, matar Malam Habu mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Kurayyat nan Jidda. Ni ce wadda ka sauka a gidanta da ka zo umra cikin Sha'aban, don kawai ƙanin mijina ya ce kai abokinsa ne. Ka ci tuwona, ka ci shinkafata ta kabsa, ka ce ko a gida ba ka taɓa shan miyar kuka irin tawa ba. Ashe kana ci kana auna fuskata ne.

Ga wanda bai ga fim ɗin ba, Allah ya tsare shi, bari in faɗa. Sunan fim ɗin ma ba zan rubuta ba, kar in yi maka talla. Akwai wani tsohon fim na tashin duniya da aka yi muna 'yan mata, na kaset, wanda muka kalla a gidan maƙwabta muka dawo gida kowa ta ɗau buta ba wanda ya aike ta. Shi ne Alhaji Sagiru ya ce zai sake yi masa sabon zubi na zamani. A nasa, wata iska ce ke tasowa ta kwashe mutanen kirki gaba ɗaya, ɓat, sai dai ka ga kayansu a ƙasa. Lalatattu kuma a bar su suna ihu. To jama'a, ni ina cikin waɗanda aka bari.

Na farko, maganar yadda ka yi da ni. Ranar da ka hau da mu saman bene, ka ce Hajiya ɗan taimako za ki yi wa addini. Ka ce in fito da gudu riƙe da tukunya, in kalli sama, in ɗora hannu a ka, in ce wayyo ni. Na tambaye ka wace ce ni a ciki, ka ce uwa ce mai neman ɗanta. Na yi maka har sai da muryata ta dushe, rana tana dukana, kana ta yalla, maza Hajiya, ƙara, ƙara. Fim ya fito. Ga fuskata ta cika allo har ana ganin gumin hancina, a ƙasa an rubuta da jan rubutu MAI GULMA, kai kuma muryarka daga sama tana cewa ga mafi sharrin waɗanda suka rage. Ina ɗan? Ina uwar? Wa na yi gulmarsa? Ko gulmarka ban fara ba sai yau.

Na biyu, maganar wanda ka ɗauka. Malam Habu. Mijina ne, ina sonsa, uban 'yata ne, amma Alhaji ka ji tsoron Allah. Mutumin da ni nake tashinsa asuba, in girgiza, in yayyafa ruwa, in kashe masa mukayyif kafin ya motsa. Ba ma wasan ya yi maka ba. Barcin ƙailula yake a kan darduma bayan ya cika cikinsa, carbin ma kai ka saƙala masa a hannu, ka ɗauke shi a hoto. Sai ka tashe shi ka ce ya tuɓe tob ɗinsa, doguwar rigar nan tasa, ka shimfiɗa a wurin, shi kuma ya laɓe bayan ƙofa daga shi sai singileti. A fim an ce an ɗauke shi yana zikiri. Munshari yake yi, Alhaji, ka dai cire sautin ne. Kuma duk mai ido zai ga babban yatsan ƙafarsa ta ƙarƙashin ƙofa.

Yanzu mutumin nan ba ya zaunuwa. A masallaci abokansa na kiransa Ɗaukakke, yana washe baki. In na ce ya sauko da shara sai ya ce mu da aka ɗauke ba ma wannan. Ni kuma in na shiga baƙala, kantin unguwa, sayen burodi, matan unguwa sai su ce ahlan Ragowa, ya aka ji da zaman duniya.

Na uku, shi kansa aikin. Wallahi ko da ka ci mutuncina, da ka ci shi da kyau da da sauƙi. Iskar da ta kwashe muminan duniya fankata ce ta kicin, ga wayarta nan ana gani har soket. Motar da ka ce direbanta ya ɓace tana tafiya ita kaɗai, ga hular direban nan tana leƙowa, ya sunkuya ne kawai, har da ba da sigina kafin ya sha kwana. Gemunka na auduga kana wa'azi yana zamewa, ka fara da shi a haɓa ka gama da shi kusa da kunne. Kayan mutanen kirkin da ka zube a ƙasa shanyata ce, wankina na ranar, har da zanen da nake ɗaurawa in zan shiga wanka, duk duniya ta gani. Wata abaya ma da abin maƙale shanya a kafaɗarta.

Amma wanda ya kashe ni shi ne fitowar rana daga yamma. Kowa a Jidda ya san rana a teku take faɗuwa. Ka je bakin teku da magariba ka ɗauki faɗuwarta, ka dawo ka juya hoton baya don ta zama tana fitowa. To ka manta ba rana kaɗai ce a wurin ba. Tsuntsaye suna tashi da baya. Wani Balarabe yana tafiya da baya yana tura keken jariri. Wani bawan Allah a kan benci yana zaro shawarma daga bakinsa yana mayar da ita cikin takarda. Matan gidanmu sun yi dariya har Maman Usama ta nemi ruwa. Fim na tsoron Allah fa.

Na huɗu, na tambaya, don kar ka ce jahilci ne. Na tambayi malamarmu ta karatun mata. Ta ce abin da ta sani iska ce mai laushi da za ta karɓi rayukan muminai, rayuka, ba wai mutum ya ɓace da gangar jikinsa ya bar wando ba. Wato a fim ɗinka salihan bayi tsirara suka tafi ke nan? Sannan na nuna wa maƙwabciyata nas, 'yar Jos, Kirista ce, mutuniyar kirki. Ta ce wannan na ɓacewa a bar kaya ai labarinsu ne ka kwaso daga finafinan Turawa, kuma ko a wajensu ba haka ake ba da shi ba. Ka ga ka ɓata namu, ka ɓata nasu, ka haɗa su a tukunyata.

Duk wannan da zan haɗiye. Na iya dariya, Ragowa ma har na fara amsawa. Abin da ya sa na zauna ina danna wayar nan shi ne na biyar.

Hanan. Ka san ta, ita ce mai kawo maka shayi tana ce maka ammu, wato baffa. A nan aka haife ta, Hausarta ba ta nuna ba, amma ta iya karatu, kuma jan rubutun nan ƙawayenta sun fassara mata a madrasa. Yarinya ba ta ga wayar fanka ba, ba ta ga yatsan ubanta ba. Abin da ta gani shi ne an ɗauke Baba an bar Mama. Halas, shi ke nan, ya zauna mata.

Tun daga nan ba ni da 'ya, sai mai gadi. In na ɗau waya zan gaisa da yayata sai ta zo ta tsaya a kaina, Mama haram, Mama gulma. In muka kwanta ƙailula sai ta ɗauko igiyar shanya ta ɗaure ƙafata da ta ubanta, wai in an ja shi sama sai ya tafi da ni. Ubanta yana dariya, ni ma da farko na yi. Sai na lura abincin da nake zuba mata na madrasa kullum kwanon yana dawowa a wanke, ita kuma tana ramewa, wuyanta ya fito. Ablarsu, wato malamar ajinsu, ce ta kira ni. Ta ce Hanan rabar da abincinta take yi kullum, tana cewa sadaka ce da sunan Mama. Ta ce yarinyar ta tsayar da ita a aji ta tambaye ta ko ana iya tura lada kamar yadda ake tura kati a waya, don tana so ta tura wa mamanta nata duka, ita ko an bar ta ba komai.

Alhaji Sagiru, a nan dariyata ta ƙare. Ka ce fim ɗinka zai sa mutane tsoron Allah. Mutum ɗaya tak ya tsorata a duk Jidda, kuma ita ce wadda ba ta da zunubi ko ɗaya.

Na faɗa mata wasa ne. Ubanta ya faɗa mata. Malama ta faɗa mata. Ta ce a'a, shehin cikin fim ne ya faɗa, mai farin gemu. Kai ke nan. Audugar da ka manna da gam ta fi uwarta daraja a wajenta. Kuma ga halin uban nata, tun da na aure shi in ya dawo aiki inda ya tsaya nan yake zubar da tob ɗinsa. Ranar nan ta shigo ta ga rigar a tsakar falo shi yana banɗaki. Ihun da ta yi har harisi mai gadin gidan sai da ya hauro da gudu.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo ba ne sosai.

Ka cire fuskata da jan rubutun nan daga fim ɗinka. In lallai sai an sa mai gulma, ka sa wanda ya ci abincin mutane ya je ya faɗa wa duniya su 'yan wuta ne.

Ka ɗauki kanka a waya, ka manna gemun nan, sannan ka cire shi a gaban kamara a hankali yadda yarinya za ta gani. Ka kira sunanta. Ka ce Hanan, ƙarya na yi, Babanki yana bayan ƙofa, Mamanki ba mai gulma ba ce, ba ni na san wanda za a ɗauka ba, Allah kaɗai ya sani. Ka faɗa da Hausa mai sauƙi, in ka iya ka ƙara da Larabci. Wannan shi ne babba. In ka yi wannan na yafe maka zanen wankan.

Kuma na ji ana cewa kana shirin na biyu, wai da Dujal. Don girman Allah ka bari. In ka ƙi, to kar ka sauka a gidan kowa.

Allah ya shirye ka, Alhaji, ya shirye mu baki ɗaya. Allah ya karɓi umrarka, wadda ka yi rabinta a saman benenmu. Allah ya ba ka sana'ar da ka iya. Allah ya sa ranar gaskiya in ta zo kana cikin waɗanda za a yi wa rahama, da kayanka a jikinka. Kuma Allah ya ba ka 'ya mai sonka kamar…

Ana buga ƙofa. Hanan ce, bugunta ke nan, da tafin hannu biyu, tana Mama, Baba fi, wato Baba yana nan? Ga tob ɗin mutumin nan kuma a ƙasa. Bari in kwashe kafin in buɗe.

Wassalam, Maman Hanan, wadda aka bari.