Rairayin Bayan Ɗaki

Dakoro, ran Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Naja'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Nafi'u. Yaya nauyin jiki, yaya zafin Damagaram, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san kunnena. In kin kira salula, ke ihu ni ihu, duk unguwa ta ji sirrinmu, ni kaɗai ne ba na ji. Shi ya sa na ba direban motar garinku wannan ya kawo miki.

Akwai abin da ban gaya miki ba ranar da kika koma. Ana gobe innarki za ta cika, ba ta yi mini zancen gona ba, ba ta yi zancen kayan ɗaki ba. Kyanwarta Ƴar Toka ta damƙa mini. Ta ce kada in bari a yar da ita, kuma kada in bari a ce ɗakin Baraka yana wari. Na ce to, don a lokacin ko raƙumi ta ce in ɗauka a ka, to ɗin zan ce.

Kin tuna tun da ɗan kabu-kabu ya take wa kyanwar ƙugu ba ta iya haura katanga ta je ta yi lalurarta kamar sauran kyanwoyin Allah. Innarki ta aje mata tsohon daro a bayan ƙofa da rairayi a ciki. Duk shigar da nake yi ɗakin nan ban taɓa jin wari ba, har na ɗauka kyanwar ba ta fitsari. Ashe aiki ake yi a gida ina can shago ina taka keken ɗinki.

Kashin da sauƙi, da sakaina nake kwashewa. Fitsarin ne bala'i, ga zafin bazara yana dafa shi. Na ɗebo rairayin ƙofar gida, ashe rabinsa kashin awaki ne. Na barbaɗa toka, ta yi dama-dama da safe, kafin azahar mun koma gidan jiya. Na daka gawayi na zuba, kyanwa ta fito baƙa ƙirin ta bi zanen gado da sawu. Na sayo girezil, maganin wanke masai, na wanke daron, sai ta ƙi shigarsa, ta lallaɓa ƙarƙashin gado ta yi abinta. Da na kunna turaren wuta kuwa, wari da ƙamshi suka yi aure, abin da suka haifa ya fi uban muni.

Ga inda gizo ke saƙar. Yayar innarki, Haula, ta leƙa ɗakin bayan sadakar bakwai, ta fito tana toshe hanci da mayafi. Ta rantse in ta dawo daga Korahane ranar arba'in ta tarar da ɗakin ƙanwarta haka, ɗanta Zakari zai sa kyanwar a buhu ya kai ta dajin hanyar Azagor. Kin san Haula ba ta rantsuwar banza, kuma ba ni da bakin musu, don warin gaskiya ne. Kyanwa mai jan ƙugu a wannan daji ba za ta kai la'asar ba.

Ina jin tsoro, Naja'atu. Abu biyu kaɗai matar nan ta roƙe ni, ga shi ɗayan yana neman cinye ɗayan.

Ki gaida Nafi'u. Ki riƙa cin abinci ko ba ki so.

Naki mahaifi,
Tanimu Tela

Dakoro, ran Jumma'a

Ɗiyata Naja'atu,

Sallama da gaisuwa irin ta uba da ɗiyarsa. Yaya jiki, yaya kumburin ƙafar da kika ce? Takardarki ta iso, Allah ya yi miki albarka. Na ga shawararki ta rairayin kyanwa da ake sayarwa cikin buhu a manyan kantuna. Ki rufa mini asiri. A Dakoro, in aka ji mutum ya sayi rairayi, ruƙiyya za a kai shi a yi masa.

Ai ma Allah ya kawo mafita. Na shiga lungun bayan ɗakin innarki, inda take shanya, ina neman tsani. Rabona da wurin tun tana da rai. Sai na tarar da rairayi fari tas, mai laushi, irin na tudun bayan gari, an baza shi sumul, ko tsinke babu a ciki. Na ce kai, Baraka, ashe nan rumbunki yake! Na tabbata ita ta sa aka kawo wa kyanwar kafin ciwo ya kwantar da ita.

Yanzu na iya aikin. In wanke daro da sabulu, in kife shi a rana ya bushe, in shimfiɗa toka a ƙasa, in zuba rairayin lungu a sama. Wanda ya ɓaci in kai juji da safe. Wari ya tafi kamar an yi ruwa an ɗauke.

Amma akwai abin da na daɗe riƙe da alƙalami kafin in rubuta miki. Ɗakin ya fara ƙamshin innarki. Ba turaren wuta nake nufi ba, humrarta ce, wadda take haɗawa da hannunta, wadda ko a taron biki na shaƙa na san ta wuce ta nan. A ƙarƙashin humrar kuma akwai wani ƙamshi mai sanyi kamar na kafur. Shekaranjiya da hantsi na tura ƙofa, ƙamshin ya tare ni, sai na ji bakina ya yi sallama. Na tsaya ina jiran a amsa.

Na bincike ɗakin kaf. Kwalbar humrar tana kan kwabet ɗin jerenta, wayam, ko ɗigo babu. Tufafinta suna cikin akwati a kulle. Kuma ƙamshin ba raguwa yake ba, kullum ƙaruwa yake yi.

Ita ma Ƴar Toka ta sake. In na zuba sabon rairayi sai ta ja jiki ta shiga daron ta kwanta, tana goga kumatu, tana wannan ƙarar ta cikin maƙogwaro da innarki ke cewa tasbihi ne. Ba ta ɓata shi sai ta matsu ta rasa yadda za ta yi. Wani lokaci ta ɗaga kai ta kafa wa bakin ƙofa ido, ni ma in waiwaya, ba kowa.

Na san wanda ya tafi ya tafi, ban manta karatuna ba. Duk da haka na fara rufe shago da wuri ina zuwa in zauna a bakin gadonta. Gabana yana faɗuwa, kuma ba na son in tashi. Ban gaya wa kowa ba sai ke, kada ki gaya wa Nafi'u ya ce tsohon ya fara zarewa.

Ko ba komai, Haula ta zo da hancinta, ina jiranta.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Tanimu

Dakoro, ran Litinin

Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da mutanen gidan. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Shekaranjiya maƙwabciyarmu Azumi, wadda ta yi wa innarki wanka, ta shigo maido da faranti. Ba ta gan ni a tsakar gida ba, ta zagayo lungu, ta same ni tsugune da sakaina a hannu, na yi rami har gwiwar hannu. Sai na ga ta saki farantin tana salati.

Ashe a lungun nan suka yi mata wankan. Mu maza muna ƙofar gida ranar, an kewaye lungun da tabarma, ban gani ba, ban kuma tambaya ba. Wane namiji ne zai tambayi inda aka wanke matarsa? Ke ma an riƙe ki a ɗakin baƙi saboda cikinki. Azumi ta ce ruwan ƙarshe da kafur suka haɗa shi, Haula kuma ta juye sauran humrar ƙanwarta duka a ciki, ta ce ba wadda za ta shafa ta bayan mai ita. Da aka fita da gawa, Azumi ta sa aka kawo amalanken rairayi mai tsabta daga tudu aka rufe wurin, don kada ƙafa ta taka jiƙar. Shi ya sa ƙamshin ke ƙaruwa, ƙasa nake yi ina isa inda ruwan ya tsuma.

Ki duba abin da hannuna ya yi. Na kwashi wurin wankan innarki na shimfiɗa wa kyanwa ta yi fitsari, kowace safiya kuma na kai juji na watsar, inda kaji ke tono. Na je jujin na tsaya, ban iya bambance nata da sharar unguwa ba. A nan kuka ya zo mini, wanda bai zo ba ranar jana'iza.

Na je wurin liman. Ya ce ba laifi a kaina, rairayi rairayi ne, Baraka tana makwancinta, kuma aiki da niyya yake. Kaina ya yarda da shi, hannuna ne ya ƙi. Na rufe bakin ramin, na koma rairayin titi da toka. Kwana bai yi nisa ba wari ya dawo da ƙarfinsa, kyanwa kuma ta ƙi daron, tana bin kusurwoyi tana kuka. Na wanke daɓen da jabel, ruwan nan mai cire dauɗa, har fatar hannuna ta saɓule, abin ya riga ya shiga ƙasa.

Azumi ta yi alkawarin ba wanda zai ji daga bakinta. Alhamis ne arba'in. Na yi tunanin ɓoye kyanwar a shago, amma warin ba zai bi ta ba, a ɗakin zai zauna ya ba da shaida.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki taso, likita ya hana ki hawa mota.

Mahaifinki,
Tanimu

Dakoro, ran Asabar

Ɗiyata, autata Naja'atu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki? Allah ya sauke ki lafiya. An yi sadaka an watse lafiya, mutane sun zo har daga Rumbu, kowa yana tambayarki.

Ƴar Toka tana nan. Ga ta ma a gefen ƙafata ina wannan rubutu. Zan gaya miki yadda aka yi, don ba na son ki ji rabi.

Ran Alhamis bayan sallar asuba na shiga ɗakin, warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Na dubi kyanwar, ta jawo ƙugunta ta zo ta ɗora haɓa a kan ƙafata. Zakari ya riga ya iso tun Laraba, na ga buhun ɗaure a bayan babur ɗinsa. Sai na ɗauki sakaina na zagaya lungu. Wannan karon ba wanda zai ce ban sani ba. Na buɗe ramin, na yi bisimilla don ban san me ake cewa ba, na kankare na can ƙasa, wanda ya fi riƙe ƙamshi, har sakainar ta taɓa ƙasa mai tauri. Na cika daron, ragowar na barbaɗa a kusurwoyin da ta ɓata.

Da hantsi Haula ta shiga, mata na biye da ita, mayafinta a hannu a shirye. Ina tsaye a tsakar gida. Sai na ji ta fashe da kuka, irin wanda ko kunnena bai hana ni ji ba. Ta fito tana cewa ɗakin ƙanwarta ƙamshinta yake har yau, kai ka ce yanzu ta fita. Mata suka yi ta shiga suna fitowa suna kabbara, suna cewa alamar kyakkyawan ƙarshe ce. Haula da bakinta ta ce a bar kyanwar, dabbar da ke kwana cikin wannan albarka ba a yar da ita. Har ta roƙe ni gafara, ta ce na riƙe amana. Azumi tana bakin murhu, ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta ci gaba da tuƙin tuwonta.

To, ga shi ba a yar da ita ba, kuma ba a ce ɗakin Baraka yana wari ba. Duk garin nan yanzu zancen ƙamshin ɗakin innarki ake yi, ni kuwa in aka yi mini barka sai in ji kamar in nutse.

Na maido kyanwar ɗakina, na samo mata wani daron da rairayin titi. In wari ne, a ce ɗakin Tanimu ke yi, ba wanda ya bar mini wasiyya a kan wannan. Lungu kuma ba sauran komai, na shafa ƙasar na shinshina, ƙasa ce kawai.

Saura tsohon daron. Kyanwar ta kwanta a ciki wunin Alhamis, da la'asar ta matsu ta ɓata shi. Yana nan bayan ƙofar innarki yadda yake. In na matsa kusa ina jin su duka biyu, fitsarin a sama, ita a ƙasa, kuma kullum na saman yana ƙara rinjaye. Ba zan iya kai shi juji ba. Ba zan iya maida shi inda aka wanke ta da ƙazanta a jikinsa ba. Jiya na ɗauke shi har ƙofar gida, na tsaya da shi a hannu mutane na wucewa suna gaishe ni, na juyo na maida shi inda yake.

Ba zan iya tambayar liman wannan ba, zai ce rairayi ne. Ke ɗiyarta ce, ke kika sha nononta. Ki ba direba amsa ya zo mini da ita ran kasuwa, ki gaya mini inda zan zubar da shi.

Ki gaida Nafi'u da kyau. Allah ya jiƙan innarki, ya sa ta huta.

Ni ne mahaifinki,
Tanimu